Wayar Jemima da Hanyar Dass

Duk wanda ya taɓa buƙatar a buga masa takarda a Kasuwar Wunti da ke Bauchi cikin shekaru goman nan, da wuya a ce bai san Jemima ba, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan mai tabarau da ke zaune bayan kwamfuta a shagon Hajiya Zubaida, daf da layin teloli. Ba ta da yawan magana. Sai dai ka miƙa mata rubutun hannu, ko da kamar tafiyar kaza ne, kafin ka gama gaisawa da Hajiya ta fitar maka da shi fes.

A wani ƙauye na ƙasar Bogoro aka haife ta, 'ya ta huɗu a gidan manomi. Tana da shekara goma sha huɗu gwaggonta ta ɗauko ta zuwa Bauchi, unguwar Yelwa, inda ta gama sakandare ta koyi buga rubutu. Hajiya Zubaida kuwa 'yar wani tsohon gida ce a Ƙofar Ran, ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe shago, ta ɗauki Jemima aiki tun tana budurwa. A hannunta Jemima ta yi aure. Mijin, Andrawus, ɗan yankinsu ne, direban akori-kura mai kwaso masara da dawa daga kasuwannin ƙauye ta hanyar Dass zuwa Kasuwar Muda Lawal. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Patricia.

A shagon ana buga komai, daga takardar neman aiki har katin biki. Amma abin da aka fi zuwa wurin Jemima dominsa shi ne ɗan littafin jana'iza. In aka yi rasuwa a cikin Kiristocin kudancin jihar da ke zaune a birni, akan buga littafin da za a raba a majami'a, da hoton mamaci a gaba, da tarihinsa, da waƙoƙin da za a rera. Jemima ta iya rubuta sunayen mutanensu ba kuskure, ta san jerin dangi, ta san wanda ake sakawa a gaba. Shekaru tana wannan aiki bai taɓa hana ta cin abinci ba.

Sai ranar wata Litinin a farkon damina, wani dattijo ya shigo da hoto a cikin ambulan. Ya ce ɗansa Godfrey ne ya rasu jiya a hanya, mota ta ƙwace masa. Godfrey abokin aikin Andrawus ne, ko mako biyu ba a yi ba da ya ci tuwo a ɗakinta. Da ta zaro hoton sai ta ga mutum biyu ne a ciki, a jikin mota suna dariya: mamacin da mijinta.

Dattijon ya ce, “Wannan ne kaɗai mai kyau da muke da shi, 'yata. Ki cire ɗayan.”

Ta sa hoton a kwamfuta ta yanke Andrawus. Amma hannunsa ya rage a kan kafaɗar Godfrey, yatsu huɗu da agogon da ita ta saya masa. Ta daɗe tana goge hannun nan a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ta gama, ta sa hoton cikin baƙin zagayen da ake sa wa mamata, sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji, kamar ta haɗiye ƙwallon goruba.

Daga ranar abin ya kama ta. Andrawus na fita da safe, gabanta zai fara faɗuwa. In ta ji jiniyar motar asibiti ta bi ta Wunti, sai yatsunta su tsaya cak a kan kwamfuta. In baƙo ya shigo da ambulan a hannu, ba ta iya kallon fuskarsa sai ta ji abin da ya kawo shi. Abu ɗaya ne ke sauke mata nauyin: ta kira Andrawus ta ji muryarsa. Da farko sau uku a yini ne. Kafin damina ta raba tsakiya, ba a yin rabin awa ba ta kira ba.

“Baban Patricia, kana ina?”

“Inda na gaya miki ɗazu, na ɗan ƙara gaba.”

“Ka yi a hankali.”

“To.”

In bai ɗauka ba, sai ta yi ta kira har ya ɗauka. Shi kuma mutum ne mai haƙuri, ya san in bai amsa ba za ta shiga wani hali, don haka yakan ɗauka ko yana tuƙi. Ran nan ya dawo da yamma ko ruwa bai sha ba, ya zauna a bakin ƙofa ya ce mata yau saura ƙiris ya hau kan wani mai babur a kwana, yana laluben waya a aljihu.

Ya ce, “Maman Patricia, abin da kike gudu, wayarki ce za ta kawo shi.”

Maganar ta shige ta, amma ba ta hana ta ba. Sai ma tsoron ya zama biyu: in ta kira tana tsoro, in ba ta kira ba tana tsoro. Ta rame. Ta fara kuskure a aiki, ita da ba a san ta da shi ba. Matan zumuntar majami'arsu suka zo gida suka yi mata addu'a, ta ji sanyi na kwana biyu, a rana ta uku abin ya dawo inda yake. Wata Alhamis da hantsi, tana cikin buga kundin wani ɗalibi, numfashinta ya sarƙe, gumi ya keto mata, hannuwanta suka yi sanyi, ta tabbata mutuwa ce ta zo. Hajiya ta sa ta a Keke Napep sai asibiti. Aka auna jini, aka auna zuciya, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta mata takarda zuwa ɓangaren masu taɓin hankali.

Jemima ta ninke takardar ta cusa a jaka. A hanyar dawowa ta ce wa Hajiya ko za a yanka ta ba za ta taka wurin ba. Mutum ɗaya daga majami'arsu ya gan ta a layin nan, an gama, har Patricia sai an yi mata gori a makaranta.

Hajiya Zubaida ba ta ja da ita ba. Bayan kwana biyu ta jawo kujera kusa da ita, ta rage murya, ta ce ƙaninta Abdulsalam ya taɓa shiga irin wannan, har ya daina shiga sahun gaba a masallaci don tsoron kada ya faɗi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ce ta duba shi, ta waya, daga Maiduguri. Ba allura, ba layi, ba wanda ya gan shi.

Jemima ta ce, “Hajiya, magani ta waya? Ni da wayar ce ciwona?”

Hajiya ta ce, “Ƙaya ma da ƙaya ake cire ta. Ga lambar. Sito na nan, ranar Laraba in azahar ta yi ki shiga ki rufe ƙofa, ni zan tsare shago.”

Haka aka yi. Sito ɗan ɗaki ne a bayan shagon, cike da katan-katan na farar takarda da matattun injinan bugawa, ba taga sai wata 'yar kafa a sama. Jemima ta jingina wayar a kan kwali ta zauna a kan wani. Fuskar da ta bayyana ta wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, da lafaya ruwan toka, ta ce sunanta Yagana. Hausarta da ɗan karin Barebari. Sabis a sito ba shi da ƙarfi, sai fuskar ta daskare a tsakiyar magana, baki a buɗe, ido a kafe, kamar hotunan da Jemima ke aiki da su. Duk lokacin da hakan ta faru sai ta kau da kai har ta motsa.

Ta zayyana mata komai. Da ta gama ta ce, “Malama, ki gaya mini gaskiya. Ba abin da zai same shi, ko?”

Yagana ta ce, “Ba zan gaya miki haka ba, don ban sani ba. Hanya hanya ce, ana mutuwa a kanta. Ni ba aikina in cire hatsari daga duniya ba. Aikina in taya ki ki iya zama da rashin sani, ki ci abinci, ki yi aikinki, kamar sauran matan direbobi.”

Jemima ta so ta kashe wayar. Ba wannan ta zo ji ba. Amma a cikin duk waɗanda suka yi mata magana, wannan ce kaɗai ba ta ce mata ta kwantar da hankalinta ba, sai ta tsaya.

Yagana ta bayyana mata yadda maganin yake. Ta ce tunani da abin da jiki ke ji da abin da mutum ke aikatawa sarƙa ɗaya ce, kowanne na jan ɗan'uwansa. Tunani ya ce ya mutu, ƙirji ya buga, hannu ya kai ga waya. Ta ce kiran nan kamar susa ne ga mai ƙazuwa, da daɗi a lokacin, amma shi ke faɗaɗa gyambon. Za su yi aiki a kan tunanin, su yi aiki a kan hannun, sau ɗaya a mako, har wajen mako goma. Ta ba ta aikin gida: ta sami ɗan littafi, duk sanda gabanta ya faɗi ta rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo mata, da ƙarfin tsoron daga ɗaya zuwa goma, sannan da yamma ta rubuta abin da ya faru a zahiri.

Makon farko littafin ya cika da tara da goma. Jiniya ta wuce: shi ne. Bai ɗauka ba: motar ta kife. A ƙasan kowanne, da yamma, sai ta rubuta: ya dawo. Yagana ta koya mata ta riƙa yi wa tunanin tambaya kamar mai sayen hatsi da ba ya yarda sai ya zura hannu har ƙasan buhu. Mene ne shaidarki? In bai ɗauka ba, me kuma zai iya hana shi ban da mutuwa? Daga nan suka shiga rage kira. In hannunta ya kai ga waya ta jira minti goma. Sannan ashirin. Sannan awa. Minti goman farko ta yi shi ne a tsaye, tana riƙe da gefen tebur, gumi na bin bayanta, Hajiya na kallonta ta wutsiyar ido. Abin da ya ba ta mamaki shi ne tsoron yakan hau ya hau, sannan da kansa ya fara sauka, ko ba ta kira ba.

A mako na bakwai Yagana ta ce lokaci ya yi da za ta bar shi ya je ya dawo ba kira ko ɗaya. Suka tsayar da ranar Asabar.

Jemima ta ce, “In kuma wani abu ya faru?”

“In labari ya zo miki daga bakin mutum, wannan ba fargaba ba ce, labari ne. Ki kira, ki tashi ki yi abin da ya kamata. Wanda ya taso daga cikin ƙirjinki kaɗai za ki bari ya wuce.”

Watan Agusta ne. Tun safiyar Asabar ɗin garin ya tashi da wani irin zafi mai nauyi, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Andrawus ya fita da sassafe zuwa wata kasuwa bayan Dass, ya ce in Allah ya yarda ƙarfe uku yana Muda Lawal. Jemima ta sa wayar a aljihun tebur ta rufe. Ƙarfe goma ta rubuta shida a littafinta. Sha biyu ta rubuta biyar. Wajen ƙarfe ɗaya hadari ya haɗo daga kudu, baƙi ƙirin, ya tsaya can bai ƙaraso ba, sai walƙiya ke tsaga shi ba ƙara. Teloli suka fara shigar da kayansu. A Wunti ko ɗigo bai sauka ba, amma kowa ya san inda ruwan yake zuba.

Uku ta yi, ta wuce. Uku da rabi ta rubuta takwas, ta rubuta a gefe: ruwa ne ya tsare shi, ko lodi bai cika da wuri ba. Ta ɗauki wani aiki ta ci gaba da bugawa.

Huɗu saura kaɗan wani mai keke ya tsaya a ƙofar shagon, yana ba teloli labari da ƙarfi. Ya ce yanzu ya sauke fasinja daga tasha, an ce ruwa ya cinye wata 'yar gada a hanyar Dass, mota ta faɗa.

Jemima ta ji kanta ya yi fayau. Ta tashi ta fito bakin ƙofa.

“Malam, wace irin mota?”

“Akori-kura aka ce, fara, da lodin masara.”

Ta koma ta buɗe aljihun tebur. Ta kira sau ɗaya. Wayar a kashe. Ta tsaya tana jiran abin nan ya zo, sarƙewar numfashi da sanyin hannu, amma bai zo ba. Sai ta ji muryarta tana cewa, “Hajiya, ki ba wa maƙwabciyata labari ta riƙe Patricia. Zan je Muda Lawal.” Hajiya ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, ta kira maƙwabciyar a waya, ta yafa mayafi ta ja ƙofar shago.

A layin 'yan hatsi suka tarar da mutane tsaitsaye a rumfar mai kayan da Andrawus ke ɗauko wa lodi. Da suka ga Jemima sai magana ta ɗauke. Shirun nan ta san shi, shi ne wanda masu kawo ambulan ke shigowa da shi. Mai kayan, wani dattijo Alhaji Abdulmuhaimin, yana riƙe da waya a kunne, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ya daɗe yana saurare, ba abin da yake cewa sai “na'am, na'am”. Sannan ya sauke wayar.

Ya ce, “Motarmu ce. Yana da rai. Mutanen ƙauye sun zaro shi, ƙafa ce ta karye. Ana hanya da shi.”

Ita ta tsaya a ƙofar asibiti har aka iso da shi yana jiƙe sharkaf, da laka har cikin kunne. Ita ta ba da sunansa da shekarunsa, ta nemo mai ba da jini, ta sa hannu a takardar yi masa tiyata. Cinya ce ta karye gida biyu. Sai da aka shiga da shi sannan ta zauna a ƙasa a baranda, Hajiya ta riƙe mata kai.

Ranar Laraba ba ta so shiga sito ba. Da ta shiga, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

Ta ce, “Rana ɗaya tak ban kira ba, Malama. Rana ɗaya. Kin ga abin da ya faru.”

Yagana ta saurare ta har ta gama. Sannan ta yi mata jaje, ta tambayi jikin Andrawus, ta ce ba za ta ga laifinta ba in ta ce ta fasa. Ta ce abu ɗaya take roƙo: ta tambayi mijin yadda abin ya faru, ta rubuta da bakinsa, kada ta rubuta da bakin tsoronta.

Ta tambaye shi a gadon asibiti. Ya ce ruwan bai kai gwiwa ba a kan gadar, motoci biyu sun haye a gabansa, shi ma ya shiga. Ashe ƙasan ya zaizaye. Yana tsakiya gefen ya rufta. Ya ce da ya ji tayar baya ta tafi, sai ya murɗe sitiyari da hannu biyu iya ƙarfinsa, motar ta kwanta a jikin gaɓa maimakon ta bi ruwa.

Ta ce, “Da na kira ka, da na ce kada ka shiga.”

Ya yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta. “Da na ce miki to, in shiga. Ba haka muke yi kullum ba?”

Ta rubuta wannan ma. Bai warkar da ita ba. Makonni uku lambobin littafinta suka koma tara da goma, duk da mutumin yana kwance a gabanta da ƙarfe a ƙafa. Tsoron ya sauya wuri, ya koma kan Patricia da tsallaka titi, ya koma kan tarin da Andrawus ke yi. Mako goman da aka ce suka zama goma sha takwas. Sannu a hankali abin ya sake sauka. Akwai tambayar da Yagana ta yi mata wadda ta daɗe tana juyawa: ta ce watanni ke nan tana cewa in abu ya same shi ba za ta iya ba, to ranar Asabar ɗin wa ya je Muda Lawal, wa ya nemo jini?

Andrawus ya yi wata biyar a gida. Ya tashi da ɗingishi, kuma ba shi da wata sana'a sai tuƙi. Alhaji Abdulmuhaimin ya gyara motar, bayan Kirsimeti ya mayar masa da makulli. Jemima ba ta hana shi ba. Sun yi yarjejeniya: shi zai kira in ya isa, ya kira in zai taso, ita ba za ta kira ba. Yawancin ranaku tana cikawa. Wasu ranakun takan shiga sito ta zauna a kan kwali, ta bar wayar a shago, har abin ya wuce.

Gadar kuwa har yau ba a gyara ta ba. An jibge buhunan yashi a gefen da ya rufta, an kafa sanda da jan ƙyalle, motoci na bi ɗaya bayan ɗaya. Duk rani ba ruwa a ƙarƙashinta, ba wanda ya damu. Amma a ƙarshen watan Afrilu zafi ya kai inda yake kaiwa, manoma sun fara sharar gona, kuma da yammacin wata Talata Jemima ta fito rufe shago ta ga gajimare sun taru ta kudu, ƙasansu ya yi duhu. Ta daɗe tana kallonsu da kwaɗo a hannu. Sannan ta ciro waya ta rubuta wa Yagana saƙo, ta ce tana son su zauna ko sau biyu ne kafin ruwa ya sauka. Amsa ta zo kafin ta sami keke: Laraba, bayan azahar.

Washegari Andrawus yana da lodi a bayan Dass.